Sharhi a Kan Wata Manhajar Waya Mai Koyar da Zuzzurfan Tunanin Metta na Addinin Buddha

Manhajar da nake son yin sharhi a kanta kwas ce ta waya, cikin harshen Ingilishi, wadda take koyar da wani nau'in zuzzurfan tunani na addinin Buddha da ake kira metta, wato horar da zuciya ta riƙa yi wa kowace halitta fatan alheri ba tare da jiran sakayya ba. Tana ɗauke da darussa 12 na murya, kowanne tsakanin minti 20 zuwa 30, da rubutaccen bayani a ƙarƙashin kowane darasi, sannan akwai sashen da ɗalibi zai aika tambaya malamar kwas ɗin ta amsa masa. Ni malamin sakandare ne a wani ƙauye da ke ƙasar Haɗeja a jihar Jigawa, kuma ina karatun nazarin addinai daga nesa. Karatun ne ya kai ni gare ta, domin littattafan da ke hannunmu ba su cika ba addinan Asiya fiye da 'yan shafuka ba. Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, kuma galibinsu suna tallata metta ne a matsayin maganin gajiya da rashin barci. Wannan ta sha bamban da su a abu guda, wanda shi ne ya sa na ga ta cancanci dogon bayani: ba ta raba aikin da aƙidar da ta haife shi ba, kuma ta faɗi ƙarara inda mabiya addinin suke sa ran aikin zai kai su.

Ta fuskar amfani a karkara, manhajar ta yi abin yabo, domin ana iya sauke darussan a ajiye a waya a saurara ba tare da data ba. A garinmu sabis ba ya tsayawa sai mutum ya fita bayan makaranta wajen tudu, don haka nakan sauke darasi ranar kasuwa idan na shiga gari, in riƙa sauraronsa da iyafis bayan sallar isha'i. Ba ta cin batir sosai, abin da duk mai kai wayarsa shagon caji zai san darajarsa. Darussa uku na farko kyauta ne, sauran kuma sai an biya da dala, kuma katin bankina ya ƙi wucewa, sai da wani ƙanena da ke Kano ya biya mini na mayar masa da naira. Wannan cikas ne babba ga mutumin ƙauye, kuma babu wata hanyar biya da aka tanada wa mutanen wannan yanki.

Darussan farko sun ba da tarihi a taƙaice kuma a tsare. An haifi Siddhartha Gautama, wanda daga baya aka sani da Buddha, a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Mabiyansa sun yi imani cewa ya samu wayewar zuciya a Bodh Gaya da ke jihar Bihar ta Indiya, ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath kusa da Varanasi, ya rasu yana da shekara 80. An riƙa haddace koyarwarsa baki da baki har zuwa ƙarni na ɗaya kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da aka rubuta ta cikin harshen Pali a tsibirin Siri Lanka. Kwas ɗin ya bi mazhabar Theravada, wadda ta fi ƙarfi a Siri Lanka da Myanmar da Tailan da Laos da Kambodiya, kuma ya dogara ƙwarai a kan littafin Visuddhimagga na malami Buddhaghosa, wanda ya rubuta shi a Anuradhapura a ƙarni na 5 miladiyya. An kuma kawo labarin da masu sharhi suka bayar game da asalin shahararren nassin metta, cewa wasu sufaye almajiran Buddha ne suka shiga daji don zaman damina, iskokin da ke zaune a kan itatuwa suka riƙa firgita su har suka gudu, sai Buddha ya koya musu kalmomin fatan alheri ya ce su koma su karanta wa mazauna dajin. Duk wanda ya tashi a garin da ake gargaɗin yara game da gindin tsamiya da tsakar rana ba zai ji wannan labari baƙo a kunnensa ba.

Daga darasi na huɗu aka shiga aikin kansa. Mutum zai zauna a natse ya fara da kansa, yana maimaita a zuci cewa yana fatan ya kuɓuta daga gaba, ya kuɓuta daga cuta da damuwa, ya rayu cikin sauƙi. Dalilin farawa da kai shi ne mutum ya zama shaida a kan kansa, ya gane cewa kamar yadda yake ƙin wahala haka kowane mai rai yake ƙinta. Daga nan sai ya juya ga wanda yake girmamawa, kamar malaminsa, sai aboki na kusa, sai mutumin da ba ruwansa da shi, sai kuma abokin gaba, daga bisani ya faɗaɗa fatan zuwa gabas da yamma da kudu da arewa, sama da ƙasa, har ya game dukkan halittu. Na ji daɗin yadda malamar ta kawo gargaɗin da Buddhaghosa ya yi, wanda yawancin manhajoji suke tsallakewa: kada mai koyo ya fara da wanda yake ƙi domin zai gaji tun bai yi nisa ba, kada ya ɗauki wanda zai iya sha'awa domin fatan alherin zai rikiɗe ya koma sha'awa, kuma kada ya ɗauki mamaci domin zuciya ba za ta natsu a kansa ba. Wanda ya tsara waɗannan ƙa'idoji ya san halin zuciyar ɗan Adam sani na haƙiƙa.

Darasin abokin gaba shi ne ya fi daɗewa a raina. Da malamar ta ce kowa ya kawo fuskar wanda ya ɓata masa rai, ban sha wahalar nema ba, domin akwai maƙwabcin gonarmu ta fadama wanda muka yi shekaru muna jayayya da shi a kan layin gamba da ya raba gonakinmu, kowace damina sai in tarar garmarsa ta ci kunya ɗaya ta shigo wajenmu. Abin da na lura da shi a jikina shi ne, da zarar fuskarsa ta zo sai haƙorana su cije, numfashina ya gajarta, zuciyata ta fara jero hujjojin da zan faɗa a gaban dagaci. Kwas ɗin bai ce mutum ya danne wannan ba. Ya jero hanyoyin da Visuddhimagga ya bayar ɗaya bayan ɗaya: ka tuna wani halin kirki guda da mutumin yake da shi, ka tuna cewa mai fushi kamar wanda ya ɗauki garwashi ne da hannu don ya jefi wani, shi zai fara ƙonewa, ka tambayi kanka da me kake fushi a jikinsa, da gashinsa ne ko da farcensa ko da ƙashinsa, idan duk wannan ya faskara, to ka ba shi kyauta ko ka karɓi tasa. Wannan ta ƙarshe ta tuna mini da hadisin da ya ce ku yi wa juna kyauta za ku so juna, sai na aika masa da kwandon albasa lokacin cira. Ya aiko ɗansa da godiya. Maganar iyaka tana nan a hannun dagaci ba a warware ba, amma yanzu ina iya amsa sallamarsa a ƙofar masallaci ba tare da ƙirjina ya yi nauyi ba.

Metta ɗaya ce daga cikin halaye huɗu da ake kira brahmavihara. Sauran su ne karuna, wato tausayin wanda ke cikin wahala, da mudita, wato farin ciki da alherin da ya samu wani, da upekkha, wato daidaituwar zuciya wadda ba ta karkata. Kowane hali yana da maƙiyi na nesa da maƙiyi na kusa, kuma wannan bayani shi ne mafi ƙima a ganina cikin kwas ɗin baki ɗaya. Maƙiyin metta na nesa shi ne ƙiyayya, wadda kowa yake gane ta. Na kusa kuwa shi ne ƙauna mai kwaɗayi, irin wadda take son mutum don abin da za ta samu a wajensa ko don ta mallake shi, kuma haɗarinta shi ne kamanninta da metta, har mai ita ya ɗauka yana kan hanya. Haka tausayi yana iya komawa baƙin cikin da zai karya mai shi ya kasa taimakon kowa, daidaituwar zuciya kuma tana iya komawa halin ko in kula. A matsayina na malami na ga gaskiyar wannan a aji, domin yaron da nake ganin ina ƙauna fiye da sauran sau da yawa shi ne wanda nasararsa take ɗaga sunana. Gwajin da aka bayar na cikar aikin ya fi tsanani. A ce mutum yana zaune da masoyinsa da baƙo da maƙiyinsa, 'yan fashi suka zo suka ce a ba su mutum ɗaya su kashe. Idan zuciyarsa ta zaɓi maƙiyin bai isa ba, idan ta zaɓi baƙon bai isa ba, kuma idan ya ce a ɗauke shi a bar sauran, nan ma bai isa ba, domin ya fifita wasu a kan kansa. Sai ranar da ya kasa zaɓar kowa cikin huɗun ne ake cewa ya rushe iyakoki.

Darussa uku na ƙarshe su ne suka taɓo batun kuɓuta, kuma a nan ne manhajar ta bambance zare da abawa. A aƙidar Buddha matsalar ɗan Adam ita ce dukkha, wahala da rashin gamsuwa da ke tattare da rayuwa, wadda ƙishirwar zuciya take haifarwa, kuma mutuwa ba ta kawo ƙarshenta domin sun yi imani da sake haihuwa sau ba adadi, abin da suke kira samsara. Guba uku ne suke juya wannan zagaye, su ne kwaɗayi da ƙiyayya da jahilci, kuma mutuwar waɗannan ukun ita ce nibbana. Nassosinsu sun ɗaukaka metta ƙwarai, suna kiranta 'yantuwar zuciya ta hanyar fatan alheri, har suka ce duk ayyukan neman lada ba su kai kashi ɗaya cikin 16 na darajarta ba. Sun lissafa mata fa'idoji 11, daga daɗin barci da rashin mugun mafarki da sakin fuska har zuwa mutuwa cikin hayyaci. To amma fa'ida ta 11 ita ce mabuɗin maganar, domin cewa aka yi idan mai aikin bai kai ga abin da ya fi haka ba, za a sake haihuwarsa a duniyar Brahma, wato wata duniyar sama ta manyan alloli a aƙidarsu. Duniyar Brahma kuwa, duk tsawon zamaninta da jin daɗinta, tana cikin samsara, kuma wa'adinta yana ƙarewa.

Malamar ta ƙarfafa wannan da labari biyu daga nassosin. Na farko, babban almajirin Buddha mai suna Sariputta ya je duba wani Barahmane, wato ɗan zuriyar malaman addinin gargajiyar Indiya, mai suna Dhananjani yana kan gargarar mutuwa, ya koya masa halayen nan huɗu ya dawo, sai Buddha ya tambaye shi dalilin da ya sa ya bar mutumin a matakin duniyar Brahma alhali akwai sauran aiki a gaba. Na biyu, almajiri Ananda ya bayyana wa wani magidanci mai suna Dasama cewa wanda ya cika zuciyarsa da metta, sannan ya juyo ya dubi wannan yanayi na zuciya ya gane cewa shi ma haɗaɗɗen abu ne mai gushewa, to ta nan yana iya kaiwa ga ƙarewar dukkan dauɗar zuciya. Ma'ana, a wannan mazhaba metta tana kwantar da ƙiyayya, tana tattara hankali har ya kai matakai uku na farko cikin matakai huɗu na natsuwa mai zurfi da ake kira jhana, amma saiwar jahilci ba ta tsinkewa sai da basirar da ake kira vipassana, wato ganin cewa komai mai gushewa ne, ba ya gamsarwa, kuma babu wani dawwamammen kai a cikinsa. Kwas ɗin ya yi adalci da ya ambaci cewa ba kowa ne ya yarda da wannan fahimta ba, domin Farfesa Richard Gombrich na Jami'ar Oxford a Ingila ya kafa hujja cewa lokacin da Buddha yake yi wa Barahmanai maganar zama tare da Brahma yana aron harshensu ne don ya nuna kuɓutar ƙarshe, kuma magadan Buddha ne suka ɗauki maganar a zahirinta suka rage wa metta matsayi. An kawo ra'ayoyin biyu aka bar ɗalibi ya auna.

Wannan fayyacewa ita ce ta fi yi mini amfani a matsayina na Musulmi. Manhajar da ta ɓoye aƙidar ta ce motsa zuciya ne kawai tana iya jan mutum cikin ibadar wani addini bai sani ba, wannan kuwa ta nuna mini iyakar tun daga nesa. Kalmomin metta ba addu'a ba ne, domin babu wanda ake roƙo, mai aikin yana dogara ne da horon zuciyarsa. Mu kuwa fatan alherinmu yana da Ubangijin da ake kai shi gare shi, tsirarmu tana ga rahamarSa, rayuwa ɗaya ce, bayanta hisabi. Na kai maganar wajen limamin garinmu na ce, "Allah ya gafarta Malam, ina sauraron karatun wani addini saboda jarrabawa, kuma na ga wasu abubuwa a ciki sun yi kama da namu." Ya ce, "Ɗana, sanin abin da mutane suka yi imani da shi ba laifi ba ne. Abin kiyayewa shi ne ka mayar da shi ibada. Wanke zuciya daga ƙulli kuwa, ai kana da shi a gida." Ya tuna mini da ayar Suratu Fussilat da ta yi umarni a tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau, da hadisin mutumin Madina da aka yi wa bushara da Aljanna, wanda Abdullahi ɗan Amru ya kwana uku a gidansa bai ga wata ibada ta musamman ba, sai dai ba ya kwana da ƙullin wani Musulmi a ransa. Saboda haka na tsallake sashen da ake rera neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'ar sufayensa, wanda aka sa a farkon wasu darussa, kuma na yaba da cewa an ware shi daban an sanar kafin a fara.

Inda manhajar ta gaza, ta gaza a wurin da ya yi mini ciwo. Darasi na tara ya ba da labarin watan Satumba na 2007, lokacin da dubban sufaye suka fito titunan Yangon a Myanmar suna rera nassin metta a gaban sojoji, da kuma tattakin zaman lafiya da Maha Ghosananda ya fara jagoranta a Kambodiya a 1992 bayan shekarun kisa da yaƙi. Labarai ne na gaskiya masu taɓa zuciya. Amma ba a ce uffan ba game da abin da ya samu Musulmin Rohingya a jihar Rakhine ta wannan Myanmar ɗin, inda daga watan Agusta na 2017 mutum sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh, ko game da sufaye irin su Wirathu waɗanda suka shafe shekaru suna wa'azin ƙin Musulmi. Na aika tambaya a kan haka. Malamar ta amsa cewa abin ya faru, abin kunya ne, kuma nassin da ya ce a tsare dukkan halittu kamar yadda uwa take tsare ɗanta tilo bai cire kowa ba. Na gamsu da gaskiyar amsar, sai dai wurinta cikin darasi ne inda kowane ɗalibi zai ji, domin kwas ɗin da ya koyar da rushe iyakoki bai kamata ya kau da kai daga inda mabiyansa suka gina iyaka mafi muni ba. Mu ma mun san yadda ake samun masu karanta ayoyin rahama da baki hannunsu yana aikata akasin haka, don haka ba gori nake yi ba.

Sashen kimiyya ma an ɗan zuzuta shi. An ambaci binciken Barbara Fredrickson ta Jami'ar North Carolina a Amurka, wanda aka wallafa a 2008, inda ma'aikatan wani kamfanin kwamfuta da suka yi makonni suna wannan aiki suka ba da rahoton ƙaruwar jin daɗin zuciya. Wannan sakamako ne mai iyaka, bai tabbatar da komai game da nibbana ba, amma yadda aka jera shi dab da fa'idoji 11 yana iya sa mai sauraro ya ɗauka kimiyya ta gaskata har da wadda ta ce wuta da guba ba sa kama mai metta. Bayanin yadda aikin ya shiga Amurka ta hannun Sharon Salzberg da Joseph Goldstein da Jack Kornfield, waɗanda suka kafa cibiyarsu a garin Barre na jihar Massachusetts a tsakiyar shekarun 1970, ya yi tsawo fiye da buƙatar ɗalibin da ke nan. Akwai kuma kiɗa mai taushi a bayan muryar wanda ba a iya kashe shi, kuma misalan duk na cunkoson mota ne da shugaban ofis, babu ko ɗaya da ya shafi kishiya ko rabon gado ko ɓarnar dabbobi a gona, waɗanda su ne suke hana mutanenmu barci.

Ɗalibin nazarin addinai, da malamin da zai koyar da tarihin Asiya, da mai aikin sulhu da ke son sanin yadda wata al'umma ta yi nazarin fushi, duk za su ci ribar kuɗinsu, muddin suna jin Ingilishi sosai, domin malamar tana magana a hankali amma kalmomin Pali suna da yawa kuma babu fassara zuwa wani harshe. Ba zan miƙa ta ga yaron da bai gama sanin aƙidarsa ba, kuma wanda damuwa ta yi wa yawa har ta hana shi ci da barci asibiti ya kamata ya nufa, domin manhajar da kanta ta faɗi cewa ba magani ba ce. Wanda yake son gwadawa ya fara da darussa ukun kyauta, sannan kafin ya biya ya karanta rubutaccen bayanin darasi na goma, wanda a buɗe yake ga kowa, domin a nan ne aka shimfiɗa batun kuɓuta dalla-dalla.